Gas Ɗin Kariya a Waldar Waya: Ƙara Shi Ba Magani Ba Ne

Waldar waya, wadda ake kira MIG ko MAG, ta dogara ne da gas da ke fitowa ta bakin bindigar walda yana lulluɓe narkakken ƙarfe. Sandar walda da aka saba da ita a rumfunan Diffa tana da rufin da yake ƙonewa ya kare ɗinkin, amma wayar wannan injin tsirara take. Da zarar iska ta taɓa ƙarfen yana ruwa, nitrojin da oksijin za su shige shi, ɗinkin ya fito da ƙananan ramuka, ya karye ranar da injin ban ruwa ya jijjiga shi a gonar tattasai ta bakin Komadugu. Malaman sana'a sun san an ƙirƙiro hanyar a Amurka a 1948, aka fara amfani da CO2 a Tarayyar Sobiyet a 1953, don haka ba sai an tsaya a nan ba.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne umarnin da mai koyo ya fi ji daga ubangidansa in ramuka sun bayyana: a ƙara gas. Wannan kuskure ne, kuma ya daɗe. Wayar milimita 0.8 ko 1.0 tana buƙatar lita 10 zuwa 12 a minti ɗaya, a kai 15 in bakin bindigar mai faɗi ne. In aka murɗe zuwa 25 ko 30, gas ɗin ya daina fita a hankali, sai ya riƙa juyi yana jawo iskar da ake gudu zuwa cikin ɗinkin. Kamar famfo ne: in an buɗe shi daidai ruwa ya zubo sumul, in an ƙure shi ya yi ta fantsama. Ramukan da yawan gas ke haifarwa ba su da bambanci a ido da na ƙarancinsa, shi ya sa yaro ke ƙara murɗawa, aikin na ƙara lalacewa, tukunyar gas da za ta yi sati biyu ta ƙare a ɗaya. Tukunya kuwa ba a bakin ƙofa take ba. Ko daga Damagaram za a kawo ta, tafiyar ta haura kilomita 400.

Masu ra'ayin ƙara gas sukan kafa hujja da iska. Gaskiya ne iskar da ta wuce kilomita 8 a awa tana kwashe gas ɗin, hunturu kuma a garuruwan rairayi irin su N'Guelbély, arewa da Maine-Soroa, ya fi haka nesa ba kusa ba. Amma lita 30 ba ta tsayar da hunturu. Abin da ke tsayar da shi fallen kwano ne a kafa ta gabas da arewa, ba zana ba saboda tartsatsi, a kuma kashe fanka. In aikin a fili yake, a koma ga sanda ko ga wayar nan mai garin kariya a cikinta, a tuna a sauya igiyoyin wuta yadda takardar wayar ta ce.

Binciken abin da ya jawo ramuka kuwa daga tukunya yake farawa. A karanta abin da ke rubuce a jikinta: gaurayen argon da CO2, ko CO2 zalla, su ne na baƙin ƙarfe, argon zalla na alminiyom ne, tukunyar oksijin ta masu yankan ƙarfe ba ta da wuri a nan ko kaɗan. Cikakkiyar tukunyar argon takan nuna bar 200, allurar ma'auni na sauka yadda ake sha. CO2 kuwa ruwa ne a ciki, allurar ba ta faɗin abin da ya rage, sai an ɗora tukunyar a sikeli. A ajiye ta a inuwa, a ɗaure, domin zafin bazara yana ɗaga matsinta sosai. In ƙanƙara ta taru a kan ma'auni, alama ce an buɗe fiye da kima.

Daga nan a danna kunamar bindiga, a saurari ƙarar bawul ɗin cikin inji, a karanta litar yayin da gas ke tafiya. A shafa ruwan sabulu a tiyo da duk mahaɗa. Inda kumfa ta taso, nan ke yoyo. Robobin zobe da ke gindin bindiga sukan bushe su tsage a wannan yanayi, kuma su aka fi mantawa. Sai a cire bakin bindiga a kankare tartsatsin da ya toshe ƙananan kafofin gas. Tsakanin bakin da aiki kada ya wuce milimita 10 zuwa 15. In duk wannan lafiya yake, laifin na tsatsa ne ko fenti ko mai, a goge ƙarfen har ya yi fari. Kada mai koyo ya shiga cikin tanki da wannan inji shi kaɗai, don gas ɗin ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa ya shaƙe mutum ba tare da wari ba.

Ma'aunin kan tukunya yana faɗin abin da ya fita ne kawai, ba ya faɗin abin da ya isa ga ɗinki. Akwai ɗan bututun roba mai ƙwallo a ciki da ake kifawa a bakin bindiga, kuɗinsa bai kai na cika tukunya sau ɗaya ba. Masu raba wa cibiyoyin koyon sana'a injuna su haɗa kowane inji da wannan bututu da robobin canji, malamai kuma kada su bar yaro ya taɓa waya sai ya auna gas a bakin bindiga ya faɗi litarsa.