LIKITAN YARA DA YA GANO ASALIN BORIN JINI

Yau zan ba ku labarin wani likita na ƙasar Ostiriya, sunansa Clemens von Pirquet, domin aikinsa ya shafi kowane yaro da kuke kawowa ɗakin shan magani.

An haife shi a 1874, ya gama karatun likita a 1900, sa'an nan ya kama aiki a asibitin yara na birnin Biyena. A zamanin nan ciwon mashaƙo yana kashe yara ƙwarai. Maganin da ake yi musu kuwa allura ce da aka haɗa daga ruwan jinin doki. Allurar tana ceton rai, amma waɗansu yaran, bayan kwana 8 zuwa 12, sai zazzaɓi ya kama su, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, gaɓoɓi su yi ciwo.

Likitan nan bai ce tsautsayi ne ya wuce ba. Shi da abokin aikinsa Béla Schick suka riƙa rubuta ranar da aka yi wa kowane yaro allura, da ranar da ƙuraje suka fito. Sai suka ga abin mamaki. Yaron da aka sāke yi masa allurar ba ya kai kwanakin nan, wani ma ran nan abin yake tasowa. Ashe jiki ba ya mantuwa. Da fari yakan ɗauki kwanaki yana shirya makamansa a kan baƙon abu. In baƙon ya komo, ya tarar an riga an ɗaura yaƙi. Suka buga littafi a kan wannan a 1905.

A 1906 ya raɗa wa abin suna alaji, watau jiki ya sāke yadda yake karɓar abu. Ya nuna cewa ƙarfin da ke kāre mutum daga cuta, shi ne kuma yakan wuce gona da iri ya cuce shi. Irinsa ne borin jini da ke taso wa wani in ya ci gyaɗa ko ƙwai ko kifi, alhali ɗan'uwansa ya ci lafiya lau.

A 1907 ya mori wannan sani. Ya ɗiga ruwan gwajin tarin fuka a hannun yaro, ya ɗan karce fatar. In wurin ya yi ja ya tasa bayan kwana biyu, to, ƙwayar cutar ta taɓa shiga jikinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Farko shi ya shugabanci ciyad da dubban yaran ƙasarsu da yunwa ta kama. Ya rasu a 1929.

To, ga abin da ya rage gare ku. Har yanzu daga jinin doki ko na tunkiya ake yin maganin saran maciji. Waɗansu magunguna kuma, kamar fenisilin, ba kowane jiki yake karɓarsu ba. Saboda haka:

1. In wata allura ko ƙwaya ta taɓa sa yaronku ƙaiƙayi ko kumburi, ku gaya wa malamin asibiti tun bai ba shi kome ba.

2. Bayan allura kada ku yi gaggawar tafiya. Ku zauna kamar rabin sa'a.

3. In leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe. Ku garzaya. Akwai allurar adirinalin, ita ke kwance wannan, amma sai an yi ta da wuri.

Kada tsoro ya sa ku ƙi allurar rigakafi ko maganin maciji. Hatsarin ƙin su ya fi girma nesa ba kusa ba. Ku dai faɗi gaskiyar abin da ya taɓa faruwa, malami ya shirya.

Allah ya raya mana yaranmu. Sai mako mai zuwa.