Hayar Madafa Don Sana'ar Girkin Biki: Jawabi Ga 'Yan Ƙungiya

 

Yau za mu yi magana a kan masu girkin biki da suna da taro, waɗanda madafar gida ta fara yi musu kaɗan. Kun san yadda abin yake. An ba ki aikin shinkafar mutum ɗari biyu, ga murhu biyu kacal a tsakar gida, ga awaki na kai kawo, ga yara, ga abokiyar zama tana jiran ki sauke ta ɗora tuwon dare. Sai zuciya ta ce miki, ki kama haya a bakin kasuwa mana ki huta. Shawara ce mai kyau in lokacinta ya yi. Amma kafin ki ɗaga hannu ki nemi rance daga akwati, ki tuna cewa kuɗin haya ba ya hutu. Ranar da kika yi girki yana tafiya, ranar da ba ki hura wuta ba ma yana tafiya.

Bari mu yi lissafi tare. Kuɗin da zan faɗa misali ne kawai, kowace ta sa farashin garinsu. A ce shago mai ɗan fili a baya ₦240,000 ne a shekara. Masu gida a nan ƙasar sun fi son a biya na shekara dunƙule. Dillali zai karɓi la'adarsa, sau da yawa kashi 10 cikin 100, wato ₦24,000. Sai gyara: gina murhu, haƙa kwata, canza kwaɗo, a ce ₦36,000. Kun ga an tashi ₦300,000 tun ba a wanke shinkafa ba. In aka raba wata 12, kowane wata ₦25,000 ke nan. To idan aiki ɗaya yana bar miki ₦10,000 bayan kin cire cefane da itace da ladan masu taya ki, aikin farko da na biyu da rabin na uku duk na mai gida ne. Daga nan ne naki zai fara.

Yanzu ku faɗa mini, a garinmu wane wata ake biki? Bayan kaka in an sayar da amfanin gona, da gab da azumi, da bayan sallah. In ruwa ya sauka kowa ya koma gona, sai ki yi wata guda ba ki ga aiki ba in ba ɗan suna ba. Shi ya sa nake roƙon duk mai wannan niyya ta zauna da mai karatu a gidanta, su rubuta ayyukan da ta yi bara, wata bayan wata. A ƙirga wanda aka yi aka biya. Wanda aka yi miki alkawari a baki, a bar shi gefe.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi ga mai farawa, ita ce hayar yini. Akwai mai gidan abincin da take tashi bayan azahar, madafarta na zaune har gobe. Akwai ɗakin taro mai madafa a baya, akwai gidan burodin da tandarsa ke hutawa wani sashe na yini, ga masu yin kek. Ki je ki yi ciniki. A ce ₦4,000 ne a yini. In kika raba ₦25,000 ɗin nan da ₦4,000, kwana shida ne da ɗan ɗoriya. Ma'ana, in girkinki bai wuce kwana shida a wata ba, hayar yini ta fi miki araha, kuma watan da babu aiki babu mai ƙwanƙwasa miki ƙofa. Matsalarta ɗaya: ranar da kike so wata ma tana so. Don haka da an ba ki kafin alƙalami, ki je ki kama ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun rance, kuma nan nake so mu natsu. A tsarinmu mace tana iya rantar har ninki uku na abin da ta zuba, ta biya cikin wata uku tare da ɗan abin da muka amince a ɗora. Wannan kuɗi ya dace da cefane, domin yau kin sayi shinkafa da mai, jibi kin sauke, an biya ki, kuɗi ya dawo. Amma hayar shekara a hankali take dawowa, sai wata 12 sun cika. Wadda ta ranci kuɗin wata uku ta biya hayar shekara, ranar biya za ta zo alhali kuɗin yana jikin bango. Ƙarshenta a sayar da tunkiya, ko a shiga jin kunyar zuwa taro. Wadda ta ƙudurta sai hayar shekara, ta jira ranar fasa akwati ta biya da rabonta, rance kuma ta bar shi don jari.

Wasu za su ce, mu haɗu mu huɗu mana, kowa ₦75,000. Madalla, ana yi kuma yana tafiya. Sai dai ɗaurin aure ya fi yawa Juma'a da Asabar, ku duka huɗun za ku so murhu rana ɗaya. Ku yanke tun farko: wadda ta fara kawo kafin alƙalami ita ke da ranar, a rubuta a littafi, sauran su taya ta a biya su lada. Mai amfani da gas ta zo da tukunyarta, don in aka haɗa guda, ranar da ya ƙare kowa za ta rantse ba ita ba ce. Kuma ku faɗi yadda za a yi in ɗaya ta haihu, ko mijinta ya tashi daga garin a tsakiyar shekara.

In za ki duba wuri, ki fara da ruwa. Akwai famfo ko burtsatse kusa? In 'yan garuwa ne, nawa jarka, kuma nawa take komawa a watan bazara? Girkin mutum ɗari biyu da wanke-wankensa ba ƙaramin ruwa yake sha ba. Ki duba inda ruwan wanki zai bi, da inda hayaƙi zai fita, kada ki tare da sati ɗaya maƙwabci ya kai ƙararki. Ki leƙa ko akwai masai ko juji a kusa, saboda ƙuda. In akwai mita, ki tambayi ko da tsohon bashin wuta a kanta, a rubuta cewa ba naki ba ne. In da hali ki koma ranar da aka yi ruwan sama ki ga rufin da idonki. Ki kuma auna nisa: dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye yana hucewa ba, musamman shinkafa. Madafa mai araha a bayan gari, in babu motar da za ta shiga, abincin mutane za ta lalata miki.

Da zarar kin fito daga gida kin kama wuri, idon hukuma yana kanki. Duba-gari na ƙaramar hukuma zai zo, kuma akan nemi takardar gwajin lafiya ta masu girki. Ki riga shi, ki je sashen lafiya ki tambayi abin da ake buƙata, duk kuɗin da kika biya ki karɓi rasit. Wadda kuma take son ƙulla cincin ko dubulan da suna a jiki ta kai kantuna, wannan aikin NAFDAC ne, kuma suna zuwa duba wurin da ake yi kafin su ba da lamba.

Yarjejeniya kuwa, ko mai gidan kawunki ne, a rubuta. Nawa ne, daga yaushe zuwa yaushe, wa ke gyaran rufi, an yarda ki hura itace ko a'a, kuma wata nawa zai sanar da ke kafin ya ƙara kuɗi ko ya karɓi wurinsa. Wannan na ƙarshen kada ki yi wasa da shi. Yakan faru mace ta gyara wuri, ta tara masu saye, shekara na zagayowa mai gida ya ce matarsa za ta fara sana'ar. In kin kashe kuɗin gyara, a rubuta ko za a cire a cikin haya. A sa hannu gaban mai unguwa da shaidu biyu, maigidanki ya sani ya amince, takarda ɗaya a wurinki, ɗaya a wurin mai gida.

Mako mai zuwa, duk mai sha'awa ta zo da abu biyu: ƙidayar ayyukanta na bara, da farashin wuri biyu da ta tambaya, ɗaya na yini, ɗaya na shekara. Magatakarda za ta rubuta a allo mu lissafa tare kafin a buɗe akwati. Yanzu kuma wadda ta taɓa kama haya a cikinmu, bismillah, ta faɗa mana nawa ta biya da abin da ta tarar.