Idan Iyaye Suka Kau, Wa Zai Riƙe Su?



Maganar da muke tafe da ita yau ta shafi waɗansu bayin Allah ne da kowannenmu ya san ɗaya ko biyu a unguwarsu, watau waɗanda aka haifa da raunin fahimta, ko galahanga, ko wata naƙasa ta ƙwaƙwalwa wadda ta hana su tasowa kamar tsararsu. Kada a gama su da masu taɓin hankali, gama tasu ba cuta ba ce da ake jiran ranar warkewarta. Muddin suna ƙanana uwa tana nan, ita ce ci, ita ce wanka. To, ran da mutum ya kai shekara arba'in fa, uwa ta riga mu gidan gaskiya, 'yan'uwa kuma aiki ya warwatsa su, wani Legas wani Abuja, kowa cikin ɗaki biyu na haya, wa zai riƙe shi?

Amsar da kan fara zuwa bakin ma'aikacin gwamnati ita ce a gina musu babban gida, a kewaye da katanga, a zuba ma'aikata. Gini kuwa abu ne mai daɗin rubutawa cikin fayil, ga kwangila, ga bikin buɗewa. Amma an riga an gwada wannan dabara a ƙasar da ta fi mu kuɗi nesa ba kusa ba, ya kamata mu ji yadda ta ƙare.

A 1947 Jihar Niyok ta Amurka ta buɗe wani gida a tsibirin Staten mai suna Willowbrook. Makaranta aka kira shi, ko da yake karatun da ake yi a ciki bai taka kara ya karya ba. An gina shi domin mutum 4,000, amma kafin 1965 an cusa fiye da 6,000. A shekarar nan Sanata Robert Kennedy ya ziyarci wurin, ya fito ya kira shi ramin macizai. Ciwon hanta ya zama ruwan dare, har waɗansu likitoci, tun daga 1956, suka riƙa sa wa sababbin yara ƙwayar cutar da gangan, wai don bincike. Abin bai girgiza jama'a ba sai a 1972, sa'ad da wani likitan gidan ya ba ɗan jarida Geraldo Rivera mabuɗi, ya shiga da na'urar ɗaukar hoto. Mutanen Amurka suka ga 'ya'yansu a talabijin, tsirara, zube a ƙasa cikin ƙazanta, ba mai ko kallonsu. Iyaye suka kai ƙara. A 1975 gwamnatin jihar ta sa hannu a gaban kotu cewa za ta mai da mutanen cikin gari, amma sai 1987 na ƙarshensu ya fita. Filin nan yanzu harabar kwaleji ce, ɗalibai irinmu ke kai da kawowa a ciki.

Akwai wani Bernard Carabello da aka kai shi can yana ɗan shekara uku. Gaɓoɓinsa da harshensa ne ba su yi masa biyayya, hankalinsa kuwa garau yake, amma ya shekara 18 a gidan ba wanda ya tsaya ya saurare shi balle ya gane haka. Bayan ya fito, shi ne ya kafa ƙungiyar masu irin wannan naƙasa ta jihar a 1986, domin su riƙa faɗin bukatunsu da bakinsu.

Abin da ya maye gurbin katangar shi ne ƙananan gidaje cikin unguwa, mutum kaɗan a kowane, ko kuwa ɗakin mutum na kansa da mabuɗinsa a aljihu. Mataimaki yakan zo gwargwadon bukata, wani kullum, wani sau biyu a mako. Zai koya masa girki da cefane da ƙirga canji, ya nuna masa motar da za ta kai shi wurin aiki, ya tuna masa shan magani, sa'an nan ya ƙyale shi ya zaɓi rigar da zai sa da lokacin da zai kwanta. Daga 1981 dokar Amurka ta yarda kuɗin jiyya na gwamnati ya bi mutum gidansa, a 1999 kuma Kotun Ƙoli, a ƙarar da waɗansu mata biyu na Jihar Jojiya suka kai, ta yanke cewa tsare naƙasasshe a irin waɗannan wurare ba da dalili ba wariya ce. Ba mu ce an gama gyara ba. Dubban ɗaruruwa suna jiran layi, albashin mataimaka bai kai ya kawo ba, a 2011 ma jaridar New York Times ta tono cin zali a ƙananan gidajen jihar.

Ina ruwanmu da Niyok? Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, sashe na 19 kuwa ya ba kowannensu ikon zaɓen inda zai zauna da wanda zai zauna da shi, tare da taimakon da yake bukata. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana wariya, wadda ta keɓe musu kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati, aka kafa hukumarsu a 2020. Sai dai in ana zancen dokar, keken guragu da sandar makafi ake tunawa. Ba mamaki, gama tun dā makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu masu kai kukansu fada, waɗannan kuwa ba su da sarki.

Namu har yanzu suna cikin gidaje da unguwanni, masallaci ya san su, mai shago ya san su. Saboda haka in fayil ɗin ya iso teburinku, ku tambayi nawa za a ba ɗan'uwan da ya ɗauki riƙo, wa zai karɓe shi in ya gaji, wane mai sana'a zai ɗauki mutumin almajiri, kuma wa zai tsare masa rabonsa na gado kada a cinye.