Wasiƙar Imel da Mai Raunin Gani



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne yadda ya kamata a tsara wasiƙar imel domin wanda ganinsa ya yi rauni ya iya karanta ta da kansa. Bari in fara da labarin wani tsohon malamina wanda ya yi ritaya. An aiko masa da imel cewa za a tantance 'yan fansho, sanarwar kuwa hoton takarda ce da aka ɗauka da waya, a karkace, hatimi ya hau kan rubutu. Da ya ƙara girman hoton sai haruffa suka dusashe, ya ɗauki 13 a matsayin 18. Ran da ya je, an riga an tashi. Wata uku ya yi yana kai da komowa kafin haƙƙinsa ya dawo.

Kada wani ya zaci wannan matsala ta 'yan tsiraru ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da wani nau'i na raunin gani. A Nijeriya kuwa, binciken da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya ƙiyasta cewa cikin masu shekara 40 zuwa sama, kimanin miliyan 4.25 ne ke da makanta ko raunin gani matsakaici ko mai nauyi, yanar ido kuma ita ce kan gaba wajen makantarwa. Ban da wannan, da zarar mutum ya haura 40, madubin cikin idonsa yakan fara tauri, ya kasa daidaita kansa ga abin da ke kusa. Shi ya sa za ku ga babban sakatare yana nisanta takarda da fuskarsa, yana laluben tabarau. Watau waɗanda ke sa hannu a takardunku, da yawansu suna cikin wannan sahu.

To, ga tushen maganar. A zamanin tafireta, girman harafi ɗaya ne, mai karatu ba shi da ta cewa. Imel kuwa ta ba shi iko: yana iya ƙara girman rubutu, ko ya sauya launi, ko ya sa na'ura ta karanta masa da murya, kamar yadda TalkBack ke yi a wayar Android, da VoiceOver a iPhone, da NVDA a kwamfuta. Amma wannan iko yana cika ne in rubutun na ainihi ne, wanda aka buga harafi bayan harafi. Aikin mai aikawa shi ne kada ya ƙwace wannan iko.

Na farko, a buga saƙon a cikin jikin imel. In dole ne a haɗa da hoton takarda mai hatimi, a haɗa, amma a sake buga rana da wuri da abin da ake bukata.

Na biyu, girman harafi. Ƙungiyar makafi ta Ingila, RNIB, ta ba da shawarar kada ya gaza lamba 12, in so samu ne a kai 14. A zaɓi haruffa miƙaƙƙu marasa ado, irin Arial ko Verdana.

Na uku, launi. Ƙa'idojin da ƙungiyar W3C ta fitar a 2008 domin shafukan intanet sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1. Baƙi a kan fari ya wuce haka nesa ba kusa ba. Ruwan toka mai haske ko rawaya a kan fari ba su kai ba. Kuma kada a ce "waɗanda sunansu ke da ja su zo", domin akwai wanda ba ya rarrabe ja da kore.

Na huɗu, a bar rubuta layi gaba ɗaya da manyan baƙaƙe, da kwantar da haruffa, da ja musu layi, domin duk suna ɓata siffar kalma. Mu masu rubutu da Hausa abin ya fi shafar mu, saboda 'yar ƙugiya ce kaɗai ta raba ƙasa da kasa, ta raba baƙi da baki. In harafi ya ƙanƙance, ita ce ke fara ɓacewa. Haka nan a duba cewa samfurin haruffan da aka zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ.

Na biyar, jerin magana. Wanda ya ƙara girman rubutu ninki uku kalmomi kaɗan yake gani a lokaci guda, tamkar mai leƙe ta kafar ƙofa. Saboda haka kan wasiƙa ya faɗi abin da ke ciki, layin farko ya ɗauki rana da umurni, sakin layi ya zama gajere, kowane layi kuma ya fara daga hagu.

A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna bambanci ga masu naƙasa a Nijeriya. Amma doka ba za ta zauna kusa da akawu tana duba abin da yake bugawa ba. Don haka ina roƙon kowannenmu, kafin ya aika da imel, ya buɗe ta a waya, ya miƙa hannu nesa, ya gwada karantawa. In ta ba shi wuya, ya tuna da malamina, ya koma ya gyara.