Waƙoƙin Kaka

 

Yau hirarmu a kan waƙoƙin kaka ce. Mu nufi Mai Yara, cikin ƙasar Dakoro, jihar Maradi. Can ruwa yakan ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Hatsi ya nuna, a yanke, a ɗaure, a kai rumbu. Sai waƙa ta tashi.

Da hantsi mata na sussuka, taɓare na amsa musu. Da dare 'yan mata na gaɗa a dandali, ga farin wata, ga sanyi-sanyi ya soma. Samari na kokowa, makaɗa na zuga su. Ɗan cin rani in ya ji irin kiɗan nan a Kano, sai ya tuna furar sabon hatsi.

Amma ba kowace kaka ke zuwa da waƙa ba. A 1984 fari ya cinye gonaki, dandali ya yi tsit. Ku tambayi tsofaffi.

Ga abin da ke damuna. Inji ya shigo garuruwa, daka ya ragu. Waƙar daka kuwa a bakin tsofaffi take, su kuma suna tafiya.

To, ku da kuka koyi rubutu, ku ɗauki takarda da alkalami. Ku je wurin kaka, ta gida nake nufi, ba ta gona ba. Ku ce, "Inna, rera mini." Ku rubuta sannu-sannu, har da sunanta. Gobe ku kai wa malaminku, ku karanta a aji.

Sai mako mai zuwa.