Jinin da ya ƙi tsayawa

A cikin jininmu akwai ƙananan ƙwayoyi masu taruwa su toshe bakin rauni. Idan suka yi ƙaranci, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro kan jawo, sai a ga yawan haɓo, dasashi na zubar da jini, ko haila ta zarce kwana 7.

Mai wannan larura ya guji asfirin, duk da arharsa a kasuwa, domin yakan raunana ƙwayoyin har kusan kwana 10.

Iyaye, ku na fi jiye wa. Yaron da haɓonsa ke wuce minti 20, ko yake da masu irin wannan a dangi, kada a miƙa shi ga wanzami don kaciya ko cire belu. Ko a Jibiya kuke ko a Maraɗi, a fara auna jininsa a asibiti.