Jawabin Magatakarda: Tukuicin Katin Banki da Cajin da Ke Biye da Shi

 

  An ba ofishinmu dama ya yi magana a kan katin banki, domin tambayoyi sun yi yawa a bana, musamman daga matasanmu masu zuwa Dubai da ƙasar Sin. Suna ganin bidiyo a TikTok, wani na cewa ya hau jirgi kyauta saboda makin da katinsa ya tara masa, sai su zo su ce: mu da muke sayen kayan miliyoyi, me ya hana mu?

Da farko mu rarrabe. Katin da yawancinmu muke riƙe da shi, kuɗinmu ne yake cirowa daga asusunmu. Katin bashi daban ne: banki ne yake biya, kai kuma ka mayar masa a ƙarshen wata. Tukuicin da ake kwaɗaita wa mutane galibi a kan wannan na biyu yake. Kuma banki ba sadaka yake yi ba. Duk lokacin da aka goga kati, mai shago yana biyan la'ada, sannan waɗanda suka makara wajen biya suna biyan kuɗin ruwa. Daga nan ake yago abin da ake ba ka. A Amurka wannan la'ada tana da kauri, shi ya sa tukuicinsu yake da auki. A Tarayyar Turai kuwa tun 2015 doka ta ƙayyade ta a kashi 0.3 cikin ɗari a katin bashi, sai tukuicin ya zama ɗan kaɗan. Masu waɗancan bidiyoyi yawanci labarin Amurka suke bayarwa.

Bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. A ɗauka Alhaji ya sayi kaya na sefa miliyan 5 a Dubai da kati mai mayar da kashi 1 cikin ɗari. Tukuicinsa jika 50. Idan bankinsa yana cire kashi 3 na canjin kuɗi, jika 150 sun tafi. Idan mai shagon ya ce ba zai ɗauki nauyin la'adar kati ba, ya ɗora kashi 2 a kan farashi, wasu jika 100 sun bi su. Ba mu ma taɓa kuɗin riƙon kati na shekara ba. An ba shi 50, an karɓe 250. Da ɗan kamasho ne ya yi mana haka a kasuwar Maraɗi, da yamma ba ta yi ba sai an kawo ƙararsa ofis.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. A waje, na'urar biya ko ta cire kuɗi kan tambaye ka: a cire da kuɗin ƙasar da kake ciki, ko a canza maka zuwa kuɗin katinka? Na biyun yana da daɗin gani, domin kana ganin adadin da ka sani, amma farashin canjin masu na'urar ne, kuma kusan kullum ya fi na Visa ko Mastercard tsada. A Dubai ku zaɓi dirhami. Dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka a kan 3.6725, sefarmu kuma a ɗaure take da yuro a kan 655.957. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi biyu, ya duba farashin yuro da dalar Amurka na ranar a wayarsa, zai gane nawa aka ci a kansa.

Cire tsabar kuɗi da katin bashi kuwa, mu ba mu ga amfaninsa ba ko kaɗan. Ana cajin cirewa, kuɗin ruwa kan fara hawa tun daga ranar, kuma ba ya kawo maki.

Masu zuwa Lome da Wagadugu da Abijan, kuna cikin ƙasashe 8 masu babban banki ɗaya, kuma katin GIM-UEMOA yana aiki a tsakaninsu ba tare da canjin kuɗi ba. Amma sefar Cadi da Kamaru ta wani babban bankin ce, ko da darajarsu ɗaya, don haka ku tambayi bankinku yadda yake lissafa ta kafin ku tashi. Kano kuwa, ko da gida ce a wurinmu, a idon kati ƙasar waje ce. A Sin, Alipay da WeChat Pay suna karɓar katin baƙi tun 2023. Abin da bai wuce yuwan 200 ba babu caji, abin da ya haura ana cire kashi 3. Sun dace da kuɗin mota da abinci, ba da biyan kwantena ba.

Sai maganar da ta fi nauyi, wadda ba ta lissafi ba ce. Katin bashi na yau da kullum yana ɗauke da sharaɗin kuɗin ruwa idan ka makara. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da kati mai wannan sharaɗi ba, ko da mutum ya ƙudurta biya a kan lokaci. Ta yarda da caji tsayayye na hidimar fitar da kati. Mu ba malamai ba ne. Wanda yake son katin bashi ya kai takardar yarjejeniyar wurin malaminsa, ya kuma leƙa bankunan Musulunci ya ji abin da suke da shi. Kuma mun san yadda sana'armu take: mota kan kwana mako biyu a bakin iyaka, kaya ba su iso ba, ranar biya kuwa ba ta jira.

To, ina tukuicin da ba shi da ƙaya? Yana wurin kamfanonin jiragen da kansu. ShebaMiles na Ethiopian Airlines, Skywards na Emirates, Miles&Smiles na Turkish Airlines, duk rajistarsu kyauta ce, ba sai da katin bashi ba. Ka ba da lambarka a duk tikitin da aka yanka maka, ka tsaya wa kamfani ɗaya, ka kuma lura da ranar da makin zai mutu. Hajiyoyinmu da ke tafiya sau huɗu sau biyar a shekara, da yawa ba su da wannan lamba, ga su kuma su ne masu biyan kuɗin ƙarin kaya.

Duk mai kati ya karɓo takardar farashin hidimomi daga bankinsa, tare da takardar lissafin watan da ya yi tafiya. Ku kawo mana ofis, a rufe lambar katin, mu zauna mu fitar da abin da kowane banki yake ci a kan jika ɗari, mu manna a allo kowa ya gani.